Haƙoran zomonmu sun yi tsawo ya kasa cin abinci, in yanke masa da abin yankan farce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Muna da zomo namiji a gida, na yarana ne, ya kai shekara biyu. Kwanan nan haƙoransa na gaba sun yi tsawo har na ƙasan sun leƙo waje, haɓarsa kullum a jiƙe take, idonsa na hagu kuma yana hawaye. Zai rugo wurin abinci, ya ɗauki ganye ya yar. Dusa muke ba shi da karas da ragowar kabeji. Maƙwabcinmu mai kiwon kaji ya ce in datse haƙoran da abin yankan farce, in kuma jiƙa masa Ampiclox a ruwan sha. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yi ko ɗaya daga cikin biyun. Datsewar za ta iya tsaga haƙorin har cikin dasashi, Ampiclox ɗin kuwa yana iya kashe zomon cikin 'yan kwanaki. Kafin in shiga bayani, je ki duba kejinsa yanzu. Yaushe rabonsa da cin wani abu, kuma akwai sabon kashi a ƙasa? In ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, ko kashin ya koma ƙanana busassu, to yau za a kai shi wurin likita, ba gobe ba. Hanjin zomo ba ya jure zama babu abinci. Da ya daina ci sai hanjin ya tsaya, iska ta taru, ciwo ya ƙaru, shi kuma ciwon ya ƙara hana shi ci. Da yawa daga cikin zomayen da ake cewa haƙori ya kashe su, wannan tsayawar hanjin ce ta kai su.

Haƙoran da kike gani huɗu ne kawai cikin 28. A gaba yana da shida: manya biyu a sama, wasu ƙanana biyu ɓoye a bayansu, da biyu a ƙasa. Ba shi da fiƙa, a wurinta fili ne kawai. Can ciki kuma akwai turame 22, goma sha biyu a sama, goma a ƙasa, kuma ba za ki taɓa ganinsu ba don bakin zomo siriri ne mai zurfi, kumatu sun rufe komai. Duk waɗannan haƙoran ba sa daina tsiro har zomo ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a mako, wato santimita 10 zuwa 12 a shekara. Turamen ma suna tsiro, sai dai a hankali. Abin da ke hana su wuce iyaka shi ne tauna. Zomo in yana cin ciyawa, muƙamuƙinsa na ƙasa gefe da gefe yake tafiya, yana goga turame kamar mai niƙa a dutse, har sau 120 a minti ɗaya. Ita ciyawar akwai wani yashi-yashi a jikinta da ido ba ya gani, shi ne ke cinye haƙorin daidai gwargwadon yadda yake fitowa.

To, kin ga dusa ba ta bukatar wannan aikin. Lasa ce da haɗiya, balle in an jiƙa ta. Karas da kabeji kuma ruwa ne, ɗan ɓurma su zai yi su wuce. Zomo zai ƙoshi cikin 'yan mintoci, ya kwanta, turame na ci gaba da tsiro babu abin da ke rage su.

A kan wannan nake ganin matsalar zomonku ba a gaba ta faro ba. Zomon da aka haifa da karkataccen muƙamuƙi tun yana ɗan watanni ake ganin haƙoransa sun saɓa. Wanda ya yi shekara biyu lafiya sannan haƙoran gaba suka fara zarcewa, galibi turamensa ne suka yi tsawo suka tokare bakin, ya kasa rufuwa yadda ya kamata. A baki mai lafiya, tsinin haƙoran ƙasa yana sauka ne a tsakanin manyan na sama da ƙananan nan biyu na bayansu, suna wasa juna. Da bakin ya ɗan buɗe, sai su daina haɗuwa, na ƙasa su miƙe waje, na sama su nannaɗe su koma ciki, wani lokaci har su soki ganɗa. Wani abin da kan jawo haka shi ne faɗuwa ko yawan cizon wayar keji, amma wannan ba ya zuwa da dalalar miyau irin wadda kika faɗa.

Miyan nan da yar da ganye su ne suka fi damuna. Turamen da ba sa gogewa daidai sukan yi tsini a gefe. Na ƙasa tsininsu wajen harshe yake nufa, na sama kuma wajen kunci. Na sha buɗe bakin zomo bayan an sa shi barci in tarar da wani ɗan tsini da bai wuce milimita biyu ba ya yi wa harshe rami, gefen ramin ya yi fari, da ɗan guntun ganye maƙale a ciki. Zomon yana jin yunwa, shi ya sa yake rugowa, amma da ya motsa harshe sai tsinin ya yanke shi. Ko da kin gyara haƙoran gaba tsaf, wannan tsinin yana nan, ba zai ci ba.

Hawayen ma daga haƙori ne a mafi yawan lokuta. In haƙori ya rasa wurin tsirowa a cikin baki, sai saiwarsa ta riƙa turawa baya cikin ƙashi. Hanyar da ke kai hawaye daga ido zuwa hanci tana bi ta dab da saiwar haƙoran sama, saiwar na matse ta sai hawaye ya riƙa zubowa ta fuska, daga baya ya koma farar kwantsa mai kauri, gashin wurin ya zube. Mutane su yi ta ɗiga maganin ido wata da watanni ba canji. A muƙamuƙin ƙasa kuwa da hannu ake ji. Ki sa yatsu biyu ki shafa ƙasan muƙamuƙinsa daga haɓa zuwa wajen kunne, hagu da dama. Mai lafiya sumul yake. In kin ji gudaji-gudaji masu tauri, saiwoyin ne suka turo ƙashi. In kin ji kumburi guda babba a gefe ɗaya, wataƙila mugunya ce ta taru. Ki kuma ɗaga leɓensa ki dubi manyan haƙoran sama. Layi ɗaya da ya sauko daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar kowanne halitta ce, amma layuka a gicciye alama ce cewa haƙorin da ke fitowa ba shi da ƙwari.

Maganar ƙwari ta kawo mu ga laifin dusa na biyu. Dusa, ta masara ce ko ta alkama, sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kuma kaɗan ne ƙwarai. Dabbar da haƙoranta ke tsiro kullum tana bukatar kalsiyam kullum. Wata likitar dabbobi a Ingila, Frances Harcourt-Brown, ta nuna tun a shekarun 1990 cewa zomayen gida da ke tsince hatsi daga gaurayen abinci, ba sa cin ciyawa, ba sa ganin rana, ƙashin muƙamuƙinsu yakan yi laushi, haƙora su yi ta motsi a gurbinsu har su karkace. Masana sun yi ta ja-in-ja kan wanne ya fi laifi, rashin tauna ko rashin kalsiyam. Wani bincike na Jami'ar Edinbara da aka wallafa a 2015 ya ciyar da zomaye abinci iri daban-daban na tsawon watanni 17, aka ga waɗanda ke kan gaurayen hatsi sun fara nuna alamun ciwon haƙori. Ni dai a wurina ja-in-jar ba ta canza komai ga mai zomo, tunda dusa ta haɗa laifin biyu.

Yanzu ga dalilin hana datsewa. Abin yankan farce da filaya ba yanka suke yi ba, matsewa suke har abu ya fashe. Haƙori kuma ba ya fashewa inda kike so. Sau da yawa yakan tsage a tsaye, tsagar ta gangara ƙarƙashin dasashi inda ba a gani. A tsakiyar haƙorin akwai jijiya mai rai, kuma in haƙori ya yi tsawo ita ma takan biyo shi, don haka inda kike zaton busasshen ƙashi ne, sai ki ga jini. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su sauka saiwa. Girgizar datsewar kanta tana lalata wurin da haƙorin ke tsirowa, sabon ya fito a murɗe. Na san akwai masu kiwo da za su ce sun shekara suna yi ba abin da ya faru. Ana dacewa, amma wanda bai dace ba maruru ne a muƙamuƙi, kuma maruru a zomo ba irin na akuya ba ne da za a tsaga a matse a wuce. Mugunyar zomo fara ce mai kauri, ba ta kwarara, tana zaune cikin wata jaka mai tauri da magani ba ya ratsawa sosai. Sai an yi tiyata an cire jakar da haƙorin da ya jawo ta, a yi makonni ana wanke ramin, kuma duk da haka takan dawo.

Shi kuwa Ampiclox, ampisilin ne da kuloksasilin, dangin fenisilin. Zomo da ƙwayoyin bakteriya masu amfani yake narka abincinsa, suna zaune cikin wani babban buhu a hanjinsa. In aka ba shi irin wannan magani ta baki, sai ya kashe masu amfanin ya bar wasu miyagu da ake kira kulostiridiya, su yaɗu su zuba guba. Zawo ne mai ruwa, sanyin jiki, sai mutuwa, wani lokaci ma bayan an gama ba da maganin da kwanaki. Haka amoksisilin yake, da linkomaisin, da kilindamaisin, da eritromaisin. Maƙwabcinku ba mugunta ya yi ba, abin da ya sani a kaji ya faɗa, amma wasu magungunan kaji da ake zubawa a ruwa suna ɗauke da linkomaisin ko eritromaisin, don haka kada zomo ya sha ruwan kaji ko da wasa. Akwai magungunan da zomo ke ɗauka lafiya, irin su enrofuloksasin da haɗin salfa da tirimetofirim, har fenisilin ma likitoci kan yi amfani da shi ta allura a kan maruru. Wannan hukuncin likita ne bayan ya auna nauyi. Kuma in tsini ne kawai ke yankar harshe, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta da zai gyara shi, gogewa yake bukata.

In kin tashi neman likita, ki tambaya kai tsaye ko ya saba da zomaye. Ba raini ba ne. Aikinmu a nan ya fi yawa a kan shanu da tumaki da kaji da karnuka, kuma kayan buɗe bakin zomo ba kowane asibiti ke da su ba. In babu a kusa, asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, su ne wuraren da za a fi sa ran samun hoton ƙashi da maganin barci da ya dace. Ki tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi, cikin kwali mai huji da ɗan ganye a ciki, don zafi da ya haura digiri 30 yana galabaitar da zomo. A kuma gaya wa yara su daina ɗaga shi ta kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ɗuwawu, saboda in ya yi harbi da ƙafafun baya yana rataye, ƙashin bayansa na iya karyewa.

Abin da ya kamata ki gani a wurin shi ne a auna nauyinsa, a shafa muƙamuƙi da ciki, a leƙa turame da ɗan fitilar duba kunne. Wannan leƙen yana nuna wani abu, amma da yawa yana ɓuya sai an sa zomon barci an buɗe bakin sosai. Haƙoran gaba da injin goge haƙori mai juyawa ake rage su, cikin ɗan lokaci, wani zomon ma ba sai an sa shi barci ba. Turame kuwa dole sai da barci. A nan ba zan ɓoye miki ba, barcin yana da haɗari ga zomo fiye da kare. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2008, ya gano zomo 1 cikin 72 yana mutuwa sanadin maganin barci, a masu ƙoshin lafiya 1 cikin 137, alhali a karnuka 1 ne cikin 601. Bambancin nan tsakanin mai lafiya da marar lafiya shi ne dalilin da ya sa jinkiri ba ya taimako. Zomon da ya rame, ya bushe, shi ne ke cikin haɗari, kuma likita mai hankali zai fara ba shi ruwa da abinci da maganin ciwo kafin ya taɓa haƙori. Kada ki hana shi abinci kafin aikin kamar yadda ake yi wa mutum ko kare. Zomo ba ya amai, hana shi ci cutarwa ce kawai. Bayan aiki ki tabbata an ba ku maganin ciwo, meloksikam ne aka fi amfani da shi, domin zomon da bakinsa ke zafi ba zai koma ci ba. Allurar deksametason da ake yawan yi wa dabbobi a kan kowane kumburi ba ta dace da zomo ba, tana karya masa garkuwar jiki.

In haƙoran gaba sun riga sun karkace ta yadda ba za su sake haɗuwa ba, za a riƙa rage su duk bayan mako huɗu zuwa shida har ƙarshen rayuwarsa. Mutane kan firgita in na ce a cire duka shidan gaba ɗaya, amma sau da yawa shi ya fi sauƙi ga zomon da aljihun mai shi. Da leɓe da harshe yake jan abinci, turame su tauna, abin da kawai za ki yi shi ne yayyanka masa ganye da ciyawa gajeru-gajeru, ki riƙa taje masa gashi tunda ba zai iya cire matacce da kansa ba. Lokaci-lokaci wani haƙorin kan sake tsirowa in an bar ɗan guntun saiwa, sai a sake cirewa.

Kafin ku isa asibiti, ki taimaka masa ya ci. Ki yayyanka ganye siri-siri ki ga ko zai ɗauka. In ya ƙi, ki jiƙa abincin zomo na kamfani mai ƙwaya-ƙwaya da ruwan ɗumi ya yi laushi, ko ki markaɗa ganye da ɗan dafaffen kabewa, ki zuba a sirinji marar allura. Ki naɗe shi da tawul, yana zaune a kan ƙafafunsa, ba a rigingine ba. Ki zura bakin sirinjin ta gefe, ta filin nan da ke bayan haƙoran gaba, ki matsa kaɗan, ki jira ya tauna ya haɗiye. Kimanin mililita 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa, sau uku ko huɗu a yini. Ban da madara, ban da koko, ban da burodi. In kuwa cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana zaune a dunƙule yana cizon haƙora da ƙarfi, kada ki ɗura masa komai, ku tafi kawai. Ki goge masa haɓa ki busar, ki duba ƙarƙashin wutsiya. Zomo yana da wani kashi mai laushi da yake cinyewa kai tsaye daga duburarsa, kuma mai ciwon baki ba ya iyawa, sai ya manne a gashi, ƙudaje su yi ƙwai a wurin, tsutsa ta fito cikin yini guda.

Bayan an gyara bakin, abinci ne zai nuna ko za ku koma asibiti bayan wata biyu ko bayan shekara. Kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na abin da zai ci ya zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya, tuli kamar girman jikinsa kowace rana, kuma kada ta yanke dare da rana. Da damina ba mu da uzuri, ga harkiya, ga ƙyasuwa, ga kiri-kiri, ga gamba tun tana ɗanya. A dai guji ta bakin titi da ta gonar da aka yi wa feshi. A yanka da yawa kafin ta tsufa a shanya a inuwa a adana don rani, wadda ta yi fumfuna a zubar. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam sosai, don haka suna cike giɓin da dusa ta bari, amma a haɗa su da ciyawa, kada su zama su kaɗai. In kin ga fitsarinsa ya yi kauri yana barin farin alli mai yawa, harawar ta yi yawa, a rage. Sai ganye cikin hannu ɗaya ko biyu, irin ganyen dankalin Hausa, ganyen karas, ɗan zogale, ɗan kabeji. Shi karas ɗin kansa zaƙi ne, ɗan yanki ya isa. Abincin kamfani kada ya wuce giram 25 ga kowane kilo a yini. Dusa kuwa a janye ta a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu, don canjin abinci farat ɗaya shi ma yana birkita hanji. Zai yi yaji da farko, ya tsaya yana kallon kwanon dusa, yara su ji tausayi su ƙara masa a ɓoye. Ki yi magana da su tun yanzu. Icen da ake sa wa zomo ya ciza yana rage masa kewa, yana ɗan taɓa haƙoran gaba, amma ba ya kaiwa turame. A bar shi ya sha hantsi na ɗan lokaci saboda bitamin D, da inuwa a kusa da zai koma in ya so.

Saiwar da ta riga ta turo ƙashi ba ta komawa, haƙorin da ya karkace ba ya miƙewa. Abin da ake samu shi ne a tsayar da ciwon inda ya kai, zomon ya ci ya yi ƙiba, idon wani lokaci ya bushe bayan an wanke hanyar hawayen, wani lokaci ya ci gaba da ɗan zuba. Ki samu sikelin kicin ki riƙa auna shi sau ɗaya a mako ki rubuta, don ramar zomo ɓuya take a cikin gashi, kuma saukar nauyi takan riga miyau bayyana. In kuna da wasu zomayen a kan dusar nan, a duba bakinsu su ma. In kuma likita ya ga cewa muƙamuƙin ƙasan zomonku ya fi na sama tsawo tun asali, abin da aka fi gani a ƙananan zomaye masu gajeriyar fuska da ake shigowa da su don ado, to gado ne, kada a bar shi ya yi barbara.